Matar Mai Gyaran Laima

Tun tana firamare yayyenta suka laƙaba mata Ƙamus, domin ba a isa a furta kalma a gabanta ba sai ta bi diddiginta. In aka ce ta kawo ruwa, sai ta ja ta tsaya ta ce, "Na sha ko na wanke hannu?" Ta sha rankwashi a kan wannan hali, amma hali zanen dutse. Da ta girma sai halin ya zame mata sana'a. Ta karanta Jamusanci da Turanci a jami'a, ta je ta zauna cikin masu harshen har bakinta ya faɗa, sannan ta dawo ta kama aiki a wani ƙaramin kamfani mai rubuta fassarar magana a ƙasan finafinai.

Ofishinsu yana saman wani kantin tayoyi. Ɗakin da take aiki an liƙa wa bangonsa soso don kada ƙarar titi ta shigo, amma duk da haka warin roba yakan hawo matakala ya same su. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai juyi kamar an yi mata dole. Tebur ɗaya nata ne, ɗayan kuma na wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda yake tace duk abin da ta fassara kafin a miƙa wa masu shi. Kowa Jan Biro yake ce masa. An daɗe da daina aiki da takarda a ofishin, amma biron nan ja bai taɓa barin aljihunsa ba. Da shi yake nuna kuskure a jikin gilashin kwamfuta, har gilashin ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda.

Ranar wata Litinin aka kawo musu wani gajeren fim na Jamusanci. Ba wasan kwaikwayo ba ne, hira ce da wani tsoho mai gyaran laima, wanda shi kaɗai ya rage a garinsu mai wannan sana'a. Wata matashiyar darakta ce ta ɗauka, tana son ta kai shi gasa inda sai da fassarar Turanci ake karɓa.

Ƙamus ta saƙala abin ji a kunne ta kunna. Nan take tsohon ya shiga ranta. Yana da farin gashin baki mai kauri, da yatsu gajeru masu kanta, yana zaune a wani siririn shago inda laimomi ke rataye daga rufi kamar jemagu. A hankali yake magana, yana tsayawa ya nemo kalma kamar mai tsintar allura, abin da duk mai irin aikinta yake so. Kafin azahar ta ci rabin fim ɗin ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Sai aka zo inda tsohon yake ba da labarin wata shekara can baya, lokacin da laimomi masu araha suka cika kasuwa, mutane suka daina kawo gyara. Wani attajiri ya zo yana son sayen shagon ya mai da shi wurin sayar da takalma. Tsohon ya ce shi har ya amince a ransa. Daga nan ya yi shiru, ya juya ya dubi wata kujera da ke gefensa, babu kowa a kanta sai wani ɗan matashin jingina saƙaƙƙe. Ya shafa gashin baki, ya ce, "Meine Frau war eigensinnig."

Farkon maganar ba wuya: matata ta kasance kaza. Kalmar ƙarshe ce ta tsaya wa Ƙamus a maƙoshi. Ta mayar da wurin baya ta sake saurare. Ta sake mayarwa. A karo na ba-adadi Jan Biro ya ɗago kai daga teburinsa.

"Malama Ƙamus, ko tsohon nan bashi ya ci miki? Tun ɗazu kike sa shi yana maimaita magana ɗaya."

"Yallaɓai, zo ka gani. Kalma ɗaya ce ta hana ni wucewa."

Ya jawo kujerarsa. Shi ba ya jin Jamusanci ko na sayen ruwa, don haka ta warware masa kalmar. Ta ce gida biyu ce aka haɗa: eigen, wato abin da yake na mutum shi kaɗai, da Sinn, wato hankali ko tunani. Ana faɗar ta ga wanda ba ya bin abin da aka ce masa, sai abin da kansa ya ba shi.

"To ai an gama," in ji Jan Biro. "Stubborn. Gajeriya ce, kowa ya san ta, ta shiga layi ba gardama. Mai taurin kai ke nan."

"Haba Yallaɓai! Wannan ai ita ake faɗa wa jaki in ya toge a tsakiyar hanya."

"To sa obstinate."

"Wannan ta fi muni. Shi ne wanda aka nuna masa gaskiya ƙiri-ƙiri ya runtse ido."

"Headstrong fa?"

"Ta matasa ce. Yarinyar da ta ɗauki jaka ta bar gida don an hana ta abu. Ka dubi shagon nan, ka ga alamar matar da ke gudu?"

Jan Biro ya zaro biro ya ɗora a leɓe. "Ke wacce kike so?"

"Strong-willed. Mai ƙarfin zuciya, wadda in ta ƙudurta abu sai ta ga bayansa."

"Wannan kirari ne, ba fassara ba," ya ce. Ya ɗora bakin biron a kan girar tsohon. "Dubi nan. Wannan girar ta mai yabo ce? Mutumin nan ƙorafi yake yi, ladabi ne kawai ya rufe shi."

"Ba ƙorafi ba ne, kewa ce." Ƙamus ta sassauta murya. "Ka lura, cewa ya yi war. Ta kasance, ba tana nan ba. Sannan ka ga inda ya duba. Kujerarta ce. Matar nan ta rasu, Yallaɓai. Ba zan sa miji ya kira matarsa mai rasuwa jaka a gaban duniya ba."

Jan Biro ya dubi kujerar, ya dubi ɗan matashin da ke kanta. Jikinsa ya ɗan yi sanyi, domin shi ma ya san zaman gida babu abokiyar hira. Amma bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce mutuwa ba ta gyara hali, kuma aikinsu su faɗi abin da aka faɗa, ba abin da ya kamata a faɗa ba. Suka yi ta bugawa har masu kantin tayoyi suka fara jan ƙofar ƙarfe. Aka tashi wurin yana nan fanko.

Da ta isa gida ta tarar da maigidanta, wanda likitan haƙori ne, ya riga ta dawowa yana yanka albasa a kicin, hawaye na zuba. Kakarta kuma, wadda take zaune tare da su tun da ƙafa ta fara ba ta wahala, tana falo ta miƙe ƙafafu a kan ƙaramin tebur tana ba shi umarni daga nesa.

"Angona, ka yanka ƙanana! Jiya kamar an sare itace."

"An gama, ranki ya daɗe," ya amsa daga kicin.

Kaka ta dubi jikarta sama da ƙasa. "Ke kuma wa ya taɓa ki? Kin shigo fuska kamar an aiko ki karɓar gawa."

Ƙamus ta zube a kujera ta kwashe labari ta faɗa musu. Likita ya fito da wuƙa a hannu yana saurare. Da ta zo kan kalmomin Turancin nan, ta mayar wa Kaka su da Hausa gwargwadon iko, sai tsohuwa ta gyara zama, domin an zo fagenta.

"Ai mu ma muna da su jibgi," ta ce. "Akwai taurin kai. Wannan shi ne a ce ka bi nan ka ƙi, in an tambaye ka dalili ka rasa. Akwai kafiya, ita kuma ka san dalilinka, ka dasa ƙafa, ko sama za ta faɗo. Akwai naci, wanda aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Akwai gardama, wannan a baki kaɗai take, mai ita in an ƙyale shi zai yi abin da aka ce."

"Ke wacce Kakanmu yake ce miki?" in ji Ƙamus.

"Ya danganta da ranar. In abin da na kafe a kai ya yi kyau, sai ya ce wa abokansa, ai matata akwai tsayuwa a kan ra'ayi. In ya ɓaci, sai ya ce taurin kaina zai kashe shi. Hali ɗaya fa, suna biyu."

Likita ya yi dariya. "Ni ma da za a tambaye ni a kan wata da na sani..."

"Likita, albasarka tana jiranka," in ji Ƙamus ba tare da ta juya ba.

"Kin gani ko, Kaka? Ban ma faɗi kalmar ba."

Kaka ta ce a nuna mata tsohon. Ƙamus ta buɗe wurin a wayarta, ta riƙe mata kusa da ido. Tsohuwa ta kalli yadda ya juya ya dubi kujerar, ta ce a sake. Da aka sake, sai ta kama bakin mayafi ta share ido.

"Allah sarki, bawan Allah. Ya yi rashi. Kin ga yadda ya dubi wurin zamanta? Haka nake duban tabarmar Kakanku har yau. Ke 'yar nan, ki nemo kalma mai taushi ki sa masa. Wanda ya tafi ba a bin sa da tsinke."

Likita ma ya goyi baya, ko da yake ba a san ko tausayi ne ya cika masa ido ko albasa ba. Kaka ta ɗaga hannu ta yi wa matar addu'ar samun sauƙi a inda take, suka shafa.

Washegari Ƙamus ta shiga ofis da ƙarfinta, ta ce wa Jan Biro mutum biyu ne yanzu a bayanta. Ya ce ko mutum ɗari ne, ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. Da suka ga abin zai kai su wani yammacin, sai ya ajiye biro ya ce, "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsohon nan yana da rai. A tambaye shi."

Ta aika wa daraktar saƙo. Daraktar tana kan hanya, amsarta gajeriya ce: ga lambar shagon, tsohon yana son hira, a kira shi da safe ta bidiyo kafin masu kawo gyara su fara zuwa.

Ranar da za su kira, Ƙamus ta zo da shiri. Ta tsara kalmomin ta'aziyya da Jamusanci, ta maimaita su a mota har suka zauna. Jan Biro ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya zauna a gefenta ya miƙe wuya, ko da yake ba zai fahimci komai ba sai abin da ta juya masa.

Hoto ya buɗe. Da farko hancin tsohon kaɗai suke gani da rabin gashin baki, sai da ya ja baya sannan shagon ya bayyana, da laimominsa a rataye, da kujerar nan a gefe. Suka gaisa. Ya yi murna ƙwarai da jin baƙuwa daga nesa tana magana da harshensa, har ya tambaye ta ko ana ruwa a wajensu, domin shi da yanayin ruwa yake auna kowace ƙasa.

Sai Ƙamus ta haɗa hannu, ta sunkuyar da kai kaɗan. "Kafin in yi tambayata, Baba, ina so in yi maka ta'aziyya. Na ga fim ɗin, na ga irin rashin da ka yi. Allah ya ba ka haƙuri."

Tsohon ya ƙifta ido. "Rashi? Wa ya mutu?"

"Mai ɗakinka."

Can daga bayan shagon, inda hoton bai kai ba, wata murya mai kaifi ta taso.

"Wa ya kashe ni ban sani ba?"

Aka ji takun takalmi. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta shigo hoto, tabarau a kan hanci, tsinin almakashi na leƙowa daga aljihun rigar aikinta, wani baƙin ƙyalle a kafaɗa. Ta ture kafaɗar mijin ta kawo fuska dab da gilashi.

Ƙamus ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Jan Biro yana ta taɓa ta da biro yana raɗa, "Wace ce? Me ta ce? 'Yar'uwar marigayiyar ce?"

"Marigayiyar ce da kanta," ta ce masa ta gefen baki.

Jan Biro ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba, ya cire hula, ya mayar, ya sake zama.

Tsohon kuwa dariya ta kama shi har sai da ya dafa tebur, laimomin da ke saman kansa suka hau lilo. Ƙamus ta shiga ba da haƙuri, tana bayanin yadda ta ji ya ce ta kasance, da yadda ya dubi kujera babu kowa. Matar ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Kujerata ce, wannan gaskiya ne," ta ce. "Yarinyar nan mai kyamara ta ce in matsar da ita kusa da taga don haske ya fi kyau. Na ce kujerar nan tun kafin a haife ki take nan, ba za ta matsa don fitila ba. Ta ce to ba za a gan ni da kyau ba. Na ce to kada a gan ni. Na tashi na tsaya can bayan kujerar, inda kyamara ba ta kai ba, har suka gama."

"Ba kujerar nake kallo ba," in ji tsohon yana share hawayen dariya. "Ita nake kallo. Tana tsaye a bayan kujerar da almakashi a hannu. Ke da kanki, 'yata, in ke ce, za ki ce tana nan da halin? Sai na ce ta kasance, don a zauna lafiya."

Ƙamus ta juya wa Jan Biro wannan, ya yi dariyar da ba ta taɓa jin ya yi ba, har da buga gwiwa. "Ban gaya miki ba? Na ce girar nan ba ta mai yabo ba ce!"

"Ba ka ce ta mai tsoro ba ce kuma, Yallaɓai."

Da ƙura ta lafa, ta faɗa musu abin da ya kawo ta. Ashe matar tana jin Turanci sarai, domin kafin aure ta yi aiki a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa. Ta zauna a kujerarta, ta ce a jero mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Stubborn," in ji Ƙamus.

"Wannan ƙanena ne. Likita ya hana shi gishiri, yana yawo da shi a aljihu."

"Obstinate."

"Wannan shi ne," ta nuna mijin da haɓa. "An ce ya sayi sabon tabarau, ya ce haruffan jarida ne suka ƙanƙance."

"Strong-willed."

Tsohuwa ta yatsine fuska. "Irin abin da ake faɗa a kan mutum ranar binne shi. Kin riga kin binne ni sau ɗaya yau, ya isa."

Jan Biro, da ya ji kalmomin Turanci suna wucewa ya kuma ga fuskarta, bai buƙaci fassara ba. Ya gyara wuyan riga yana murmushi, har sai da Ƙamus ta tuna masa cewa nasa biyun aka fara jefarwa.

"To Mama," ta ce, "ki gaya min abin da ya faru a shekarar. Me ya sa kika ƙi a sayar?"

"Kullum da dalilin da take bayarwa," in ji tsohon. "Bara cewa ta yi takalman mutumin ne ba su yi mata ba."

"Yi shiru, ba kai aka tambaya ba." Ta juyo. "Ranar da attajirin ya zo ana ruwa. Ya shigo da laima a hannu, ƙarfe ɗaya ya karye. A shagon gyaran laima fa! Ya dube ta, ya jefa a kwandon sharata, ya ce yanzu wa yake gyara irin wannan. Da ya tafi na ciro ta. Na sa wannan ya ɗaura ƙarfen, ni na ɗinke ƙyallen. Da safe na aika masa da ita, na ce a gaya masa laimarsa ta gyaru, shago kuma ba na sayarwa ba ne."

"Ba ta tambaye ni ba," in ji tsohon.

"Da na tambaye ka da yanzu takalma kake gogewa. Kowa ya ce na yi wauta. Uwata ta ce, ƙawayena suka ce, har mai kawo mana wasiƙu sai da ya sa baki. Ni ban ce sun yi ƙarya ba. Wataƙila ma sun fi ni gaskiya. Amma kowa da kan da aka ɗora masa a wuya. Nasu nasu ne, wannan nawa ne, da shi zan yi tunani."

Ƙamus ta ji maganar ta faɗa mata daidai inda take nema tun Litinin. Ta jawo allon rubutu ta buga, sannan ta karanta a fili: "My wife had a mind of her own." Ta juya ga Jan Biro ta ce da Hausa, "Matata tana da hankalin kanta. Ba yabo, ba zagi. Kuma ka ga, gida biyun nan na kalmar duk sun fito, nata da kuma hankali."

Jan Biro ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya ɗora biro a farkon layin ya ja shi zuwa ƙarshe yana aunawa. "Ta yi tsawo," ya ce. Ya sa aka kunna wurin. Tsohon cikin fim ya faɗi maganarsa, ya yi shirun nan nasa yana shafa gashin baki. Jan Biro ya gyaɗa kai. "Shirunsa ya cece ki. Mai kallo zai karanta har ya huta. Na yarda, amma a rubuta cewa ba da son raina ba."

Tsohon ya ce shi wannan ta yi masa, abin da yake nufi ke nan tun farko, kalmar ce kawai ba ta da faɗi. Matar ta maimaita jimlar sau biyu tana ɗanɗana ta kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Ba laifi," ta ce. "Sai dai ki cire had ki sa has. Ina nan da shi, ban ba kowa aro ba."

"Wannan kam ba zan iya ba, Mama."

Tsohon ya dubi rufi kamar mai ƙirga laimomi.

"Me kika ce?" in ji tsohuwa.

"Cewa ya yi ta kasance. Duk mai jin Jamusanci zai ji da kunnensa. In na rubuta wani abu daban, na yi masa ƙarya, na yi wa mai kallo. Abin da ya fito daga bakinsa nake rubutawa, ko da bai yi min daɗi ba."

Tsohuwa ta sauke tabarau ta dube ta ta samansa, kallo mai tsawo. Ƙamus ba ta kawar da ido ba.

"To," in ji tsohuwa a ƙarshe. "Tunda abin da ya fito daga bakinsa kike rubutawa, sai ya sake fitowa daidai. Kai, ba ni lambar yarinyar nan mai kyamara."

Da yamma Ƙamus ta ba da labari a gida. Likita ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Kaka kuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu duk hawayen da na zubar a banza? Ku ce ta biya ni." Can kuma ta ce addu'ar dai ba ta ɓaci ba, matar ta adana, wata rana za ta yi mata amfani.

Bayan 'yan makonni daraktar ta aiko da fim ɗin a sabon tsari, tare da saƙon godiya mai tsawo. Ta ce ta koma shagon, an bar kujera inda take, ita ce ta matsar da fitilarta. Ta ce abin da ta samu a wannan zuwan ya fi duk na farko.

Suka kunna tare. Ga tsohon ya gyara gashin baki, ya dubi gefensa, ya faɗi jimlarsa da "ist", wato tana nan, a wurin "war", da ƙarfi kamar ɗalibi a gaban allo. Ga matar a kujerarta tana ɗinki, ba ta ɗago ba, ta ce, "Yawwa." Daga nan ta karɓe hirar. Tana magana da sauri kamar keken ɗinki, ba ta tsayawa ko numfashi, Ƙamus ta ga aikin mako guda yana tahowa.

Can daraktar ta tambaye ta ta bayyana mijinta da kalma ɗaya. Tsohuwa ta ciji zare ta tsinke, ta dubi mijin da wani irin kallo mai taushi da ba su taɓa gani a fuskarta ba, ta ce, "Umständlich."

Ƙamus ta tsayar da fim ɗin ta dafe goshi.

"Mece ce kuma wannan?" in ji Jan Biro.

"Mutumin da in ka aike shi ɗakin da ke gabansa, sai ya zagaya ta bayan gida, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya tambaye ka wane ɗaki ka ce. Amma tana iya nufin mai tsantseni fiye da kima. Tana iya nufin mai dogon bayani. Ya danganta."

Idon Jan Biro ya yi haske. Ya zaro biro, ya cire murfin, ya matso da kujerarsa. "Ina da guda huɗu tun kafin ki rufe baki."

"Ni ma ina da uku, kuma na san ba irin naka ba ne."

Ya leƙa ta taga ya kira mai shayin da ke tsallaken titi, ya ɗaga masa yatsu biyu, ya ce a sa madara da yawa, zaman zai yi tsawo.